Daga Gaban Sarki Alu Zuwa Yadakunya

 Karatunmu yana cikin wasiƙar Yakubu, sura 2, daga aya 14 zuwa 26. Kowa ya buɗe ya karanta a gida tare da iyalinsa. A can Yakubu yana tambaya ko mene ne amfanin bangaskiyar da ta tsaya a baki kaɗai, ya kuma kawo misalin mutumin da ya ga ɗan'uwansa cikin yunwa da tsiraici, ya sallame shi da fatan alheri, bai ba shi ko loma ɗaya ba. Mun sha jin wa'azi a kan wannan nassi. Yau tarihi za mu duba, wato yadda bishara ta sami wurin zama a ƙasar Kano, gama abin da Yakubu ya faɗa ya auku a ƙasarmu, da shekarunsa da sunayen mutanensa.

Ku mutanen Gaya kun san labarin da ake bayarwa tun kaka da kakanni, cewa wani maƙeri mai suna Kano ya tashi daga Gaya yana neman tama, ya sauka a gindin dutsen Dala, daga gare shi ne birnin ya sami sunansa. Har yau akwai waɗanda ake kira Abagayawa a Kano. To, jikokin maƙera ba sai an koya musu ba cewa ba a sayen fartanya saboda zaƙin bakin mai ita. Sai an kai ta gona ta gamu da ƙasa mai tauri kafin a san ko ƙarfen na kirki ne. Haka mutanen ƙasar nan suka yi da bishara sa'ad da ta zo musu, gaskiyarsu kuwa.

A ƙarshen shekara ta 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashenmu na arewa. Su ne Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, kudu da Zariya, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa zazzaɓi ya kayar da shi, daga baya ya koma gida. Wannan shi ne mafarin ƙungiyar SIM, wadda ta haifi ECWA. Ba ko ɗayansu da ya ga ganuwar Kano a wannan tafiya.

Waɗanda suka fara isowa da niyyar zama su ne mutanen CMS ta ikkilisiyar Angilikan. A watan Afrilu na 1900 Bishop Herbert Tugwell ya iso Kano tare da abokan aiki huɗu, a cikinsu har da wani saurayin likita mai suna Walter Miller, wanda ya riga ya koyi Hausa a Tarabulus wurin fatake da alhazai. Sun zo da ayari babba na masu ɗaukar kaya, da akwatunan magani, da jawabi mai kyau a baki. Aka kai su gaban Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu. Suka ce su malamai ne da masu magani, suna roƙon wurin zama. Sarki ya ƙi. Ya nuna musu cewa ba su nemi izininsa kafin su shigo ƙasarsa ba, mutanensa kuma suna da Alƙur'ani da malamansu. Ya ba su 'yan kwanaki su bar gari. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu a garin da Gowans ya rasu shekara shida kafin nan.

Mu da muke jin labarin yau, kada mu yi saurin ganin baƙin Sarki. A ranar 1 ga Janairu na wannan shekara ta 1900 Lugard ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce arewa duka ta shiga hannunsu. Ga Turawa biyar suna faɗin salama a gaban Sarki, ga 'yan'uwansu kuwa a bakin Kwara suna shirya bindigogi. Da me Sarki zai bambanta su? Maganarsu kaɗai yake da ita, bai taɓa ganin aikinsu ba. Shekara uku ba ta cika ba, ranar 3 ga Fabrairu 1903, sojojin Ingila suka ci Kano da yaƙi. Duk wanda ya ga wannan ya kuma tuna da baƙin nan na 1900, zai ce ai su ne 'yan share fage. Wannan zato ya daɗe yana bin masu bi a ƙasar nan, har yanzu ma bai mutu sarai ba.

A watan Maris na 1903 Lugard ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulmi ba. Jami'an da suka biyo bayansa suka ɗauki wannan alkawari a kan cewa ba za a bar Turawan mishan su zauna a ƙasashen sarakuna ba. Zariya ce ta fita dabam, gama Likita Miller ya sami wuri a cikin birni a 1905, har aka mai da aikin Wusasa a 1929. A Kano kuwa, bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, majami'u suka tashi a Sabon Gari, amma na baƙi ne, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Gundumomi irin su Gaya suka zauna a rufe kusan shekara 30. Ko da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, yawancin masu karanta shi suna can wajen Filato da kudancin Zariya da Adamawa, ba a ƙasar da Hausar ta fito ba.

A cikin waɗannan shekaru na jira akwai mutum ɗaya da ya kamata mu ambata. Andrew Stirrett mai kantunan magani ne a birnin Toronto ta Kanada. Ya rabu da dukiyarsa, ya miƙa wa aikin bishara, ya zo Nijeriya a 1902, yana da shekara kusan 37. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya yi shekara da shekaru yana fita kasuwar Jos yana wa'azi da Hausa, a Jos ɗin kuma ya rasu a 1948. Ku lura da sunan da aka ba shi. Mutumin da ya fi kowa yawan wa'azi a kasuwa, da maganinsa mutane suka kira shi.

Yanzu sai mu zo ga kuturta, gama ta nan ƙofar ta buɗe. Ƙasar Hausa ba ta kori kutare daga gari kamar yadda shari'ar Musa ta yi ba. Suna da unguwanninsu, suna da Sarkin Kutare, ana ba su sadaka, wannan kuwa abin yabo ne ga mutanenmu. Amma sadaka tana da iyaka. Ana jefa wa kuturu ita daga nesa, ba a cin tuwo kwano ɗaya da shi, ba a son ba shi 'ya. Magani kuwa babu. Wani likita a ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar tun 1873, amma abin da ake da shi a shekarun 1930 shi ne allurar wani mai da ake matsowa daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya. Allurar tana da zafi ƙwarai, ana yin ta a kai a kai har shekaru, warkewa kuma ba tabbas.

Hukumar En'e ta Kano ta fara tara masu cutar a Sumaila, amma samun ma'aikatan da za su zauna da su ya yi wuya. Ba kowane ma'aikaci ne zai yarda ya kwana ya tashi a cikinsu ba. A 1937, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka daidaita da SIM ta riƙe aikin kutare na lardin Kano a Yadakunya, kusa da birni, wurin da mutane da yawa suka sani da Asibitin Bela. Haka aka yi a Babbar Ruga ta Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da Amanawa ta Sakkwato. Wanda ya shugabanci aikin shi ne Albert Helser, wanda ya riga ya yi aiki a Garkida tare da ikkilisiyar 'Yan'uwa kafin ya shiga SIM. Shekara 37 ke nan bayan an sallami Tugwell. Sunan wurin ma, in ka raba shi, ya da kunya yake cewa.

A nan akwai gaskiyar da ba mu cika faɗa a majami'a ba, ya kamata kuwa mu faɗe ta. Aikin ba na mishan kaɗai ba ne. Sarki Musulmi ne ya yarda, baitulmalin En'e kuma yana ba da kuɗi, ban da taimakon ƙungiyoyin yaƙi da kuturta na Ingila da Amurka. Gaya da Ajingi a lokacin suna cikin ƙasar Sarkin Kano, saboda haka harajin da kakanninmu suka biya bayan sun sayar da gyaɗa, shi ma yana cikin abin da ya riƙe Yadakunya. Wanda ya ce bangaskiyarsa tana son gaskiya, ba zai ɗauki yabo duka ya sa a aljihunsa ba.

Me ake yi a can kullum? Mutane suna tsammani cutar ce take cinye yatsu. Abin da take yi shi ne kashe jijiyoyin ji. Mace tana girki ta ƙone ba ta sani ba, namiji yana noma ƙaya ta shige shi bai ji ba, miki ya ruɓe, ƙashi ya lalace, da haka yatsa yake gajarta. Saboda haka babban aikin asibitin kutare shi ne miki. Kowace safiya a jiƙa ƙafa a ruwa, a kankare kanta, a wanke gyambo mai wari, a ɗaure, gobe a sāke. Wanda ya taɓa jinyar gyambo ya san abin da nake nufi. Ba aikin rana ɗaya ba ne da za a ɗauki hoto a tafi. Mutumin da ya yi shekara goma ba wanda ya miƙa masa hannu, sai ga wata ma'aikaciya ta durƙusa ta ɗora ƙafarsa a cinyarta. In an karanta masa Markus sura 1 da yamma, inda Ubangiji ya taɓa kuturu kafin ya warkar da shi, ba ya bukatar dogon bayani. Gani ya kori ji.

Amma tarihi ba yabo kaɗai ba ne. An ba mishan wuraren nan bisa sharuɗɗa. Kada a yi wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci, kada a bi gida gida in ba a gayyace su ba, kada a koya wa yaran Musulmi addinin Kirista ba da yardar iyayensu ba. Turawan mishan suka karɓi sharuɗɗan, alhali zuciyarsu tana kan wa'azi, shi ne ma ya kawo su. Maganar yara ta jawo ƙorafi daga sarakuna da jami'an gwamnati ba sau ɗaya ba, gama yaro marar lafiya da yake nesa da iyayensa, yana cin abincin mishan yana zuwa makarantar mishan, ina iyakar jinya, ina mafarin koyarwa? Akwai kuma al'adar raba jarirai masu lafiya da iyayensu mata don gudun kamuwa. An yi ta da kyakkyawar niyya bisa ga ilimin lokacin, amma ta bar ciwo a zukatan iyaye da 'ya'ya.

A ganina wannan ma yana cikin abin da Yakubu yake nufi. Cika alkawarin da ka yi wa wanda ba addininku ɗaya ba, shi ma aikin bangaskiya ne. In ka sa hannu a takarda a gaban Sarki, sa'an nan ka nemi hanyar zagayawa don kana ganin nufinka mai kyau ne, mutane za su riƙe zagayen su manta da nufin. Masu suka sun ce magani tarko ne, an sa tsaba don a kama tsuntsu. Duk inda majinyaci ya ji kamar sai ya zauna a sujada kafin ya sami kulawa, sukar ta sami abin kamawa. Abin da ya amsa ta shi ne wannan, cewa yawancin waɗanda suka kwanta a Yadakunya Musulmi ne, da yawansu kuma Musulmi suka koma gida, an kuwa wanke mikinsu daidai da na kowa. Da a ce an fasa yi musu don ba su tuba ba, da duk wa'azin ya zama ciniki.

Waɗansu kuwa sun ba da gaskiya. Daga cikin majinyatan nan aka sami waɗanda suka koyi karatu da rubutu, suka koyi yin allura da ɗaurin miki, suka zama malaman asibiti da malaman makaranta da masu bishara. Waɗanda dā ake jefa wa sadaka daga nesa, su ne suka koma ƙauyuka da akwatin magani a bayan keke. Kada wani mai bi a ƙasar Kano ya ji kunyar wannan asali. Ikkilisiyar Hausawa tana da saiwa a Wusasa, tana da ita a ƙauyukan Maguzawa, tana kuma da ita a ɗakunan jinyar kutare. A kusan wannan zamani ne aka sami tashoshin mishan a wurare irin su Garko, wadda ba ta da nisa da mu, da Gani ta ƙasar Sumaila, da Karaye, kusan kowacce da ɗakin magani a gefenta. A 1943 kuma aka buɗe asibitin ido a Kano a hannun Likita Douglas Hursh, wanda har yanzu yake aiki a ƙarƙashin ECWA, mutane suna zuwa daga Nijar da sauran ƙasashen maƙwabta. Dattijo da ya shiga ana ja masa gora saboda yanar ido, ya fito yana tafiya da kansa, ba ya bukatar a gaya masa ko mutanen nan masu gaskiya ne a aikinsu.

Daga baya magana ta sami fukafukai. Gidan rediyon ELWA ya fara aiki a Laberiya a 1954, yana watsa shirye-shirye har da Hausa. Muryar Bishara kuma ana shirya ta a Jos, ana watsa ta daga Addis Ababa ta Habasha, har gwamnatin soja ta can ta ƙwace tashar a 1977. Bishara ta shiga ɗakunan da ƙafar mai wa'azi ba ta isa ta taka ba. Amma mai sauraro ba ya ganin fuskar mai magana a rediyo. In ya kashe akwatin, Kiristan da yake gani shi ne maƙwabcinsa.

Zamani ya sāke. A ƙarshen shekarun 1940 Likita John Lowe ya nuna a Uzuakoli, a kudu maso gabashin ƙasar nan, cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya tana maganin kuturta da araha, saboda haka a shekarun 1950 aka fara ba da ita a ƙananan ɗakunan magani na ƙauye, ba sai mutum ya bar gidansa shekaru ba. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata ragowar ayyukanta. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi yawancin asibitoci da makarantun mishan, Yadakunya ma yau tana hannun gwamnatin Jihar Kano. Waɗansu dattawanmu suna baƙin cikin wannan, ina kuwa gane dalilinsu. Amma ya bar mu da tambayar da ba mu iya kauce mata. Dā in an tambayi mai bi shaidar bangaskiyarsa, yana iya nuna asibiti da yatsa. Mai bi na Gaya ko Ajingi a yau, wanda watakila gidansu kaɗai ne na Kirista a unguwa, me zai nuna?

Abin da ake dubawa ƙanƙane ne, amma kullum ake duba shi. Mudun da kake awo da shi a kasuwa, ko gindinsa a buge yake. Bashin taki da ka ce za ka biya da kaka, ko ka biya, ko sai an yi ta aike. Iyakar gona tsakaninka da maƙwabci, ko tana matsawa kaɗan kaɗan kowace damina. Kuɗin adashi in ya zo hannunki, 'yar'uwa, da kuɗin baiko in kai ne ma'aji. In an yi rasuwa a gidan Malam na kusa da kai, ko ana ganinka a zaman makoki. Mutanen garinmu ba su cika karanta Littafinmu ba, amma sun san muna cewa Allah ƙauna ne, sun san muna cewa a gafarta wa maƙiyi, suna kuwa riƙe da waɗannan kalmomi suna auna mu da su, yadda kakanninsu suka auna Turawan Yadakunya. Mu ma mun san inda muka kasa. Rigimar shugabanci da ta raba majami'a biyu, ba a ɓoye take ga masu wucewa ba.

Aikin da aka fara a 1937 ma bai ƙare ba. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, tun 1995 kuma ana ba da su kyauta. Wata shida ne ko wata goma sha biyu, gwargwadon irin cutar, mutum ya warke sarai. Cutar ba gado ba ce, ba sammu ba ce, yawancin mutane jikinsu ba ya kamuwa da ita, wanda ya fara shan magani kuma ya daina yaɗa ta. Duk da haka kowace shekara ana samun sababbin masu ita a Nijeriya, da yawansu ba sa zuwa asibiti sai jijiya ta riga ta mutu, saboda kunya da tsoron abin da mutane za su ce. Alamar farko tabo ne a fata, mai haske ko ja-ja, wanda in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. In ka ga irinsa a jikin yaron maƙwabcinka, Musulmi ne ko Kirista ko Bamaguje, ka sami mahaifinsa a keɓe, kada a gaban mutane. In ya ce ba shi da kuɗin mota zuwa asibiti, ko yana jin nauyin a gan shi a can, ka sa rana ka raka su.